Yaya shugaba zai tsara shekara biyar a garin da iyaka ke rufewa dare ɗaya?

"Assalamu alaikum. Bana aka zaɓe ni shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyarmu ta manoman aya da wake da riɗi. Membobinmu suna ƙauyukan Agye da Cadwa da Madarumfa, biro ɗinmu kuma yana nan Maraɗi. Wanda na gada ya bar mana wani kundi mai kauri na tsarin shekara biyar da wani poroje ya rubuta mana da Faransanci. Yana nan cikin akwati, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Yanzu mun tara 'yan kuɗi a asusu, kan mutane ya rabu uku: wasu sun ce a sayi kamyo (babbar motar ɗaukar kaya), wasu a gina mangaza (ɗakin ajiyar kaya), wasu kuma a raba kowa ya kama gabansa. Ni abin da ke damuna, mutumin da bai san ko ruwa zai sauka ba, bai san inda naira za ta kwana ba, bai san ko gobe za a rufe iyakar Jibiya ba, wane tsarin shekara biyar zai yi? Wasu dattawanmu ma cewa suke wannan shisshigi ne cikin lamarin Allah. Ina neman shawara." Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙo. In na fahimce ka, tambaya biyu ka haɗa. Ta farko, ko akwai amfanin tsara gaba alhali abubuwan da ke juya kasuwarku ba a hannunku suke ba. Ta biyu, me za a yi da kuɗin da ke asusu. Na daɗe ina zama da ƙungiyoyin manoma da na mata da majalisun ƙananan hukumomi a jihar nan kan irin wannan aiki, kuma kullum ta biyun ce ke amsa ta farkon. Duk abin da kuka yi da kuɗin nan kafin kaka mai zuwa, shi ne tsarinku na shekara biyar, ko kun rubuta ko ba ku rubuta ba.

Bari in fara da maganar dattawa, don in ba a warware ta ba taronku ba zai yi nisa ba. Kada ka yi jayayya da su a bainar jama'a. Ka roƙi limamin da suke ganin girmansa ya tuna musu da Suratu Yusuf, inda Annabi Yusufu, alaihis salam, ya ce a yi noma shekara bakwai a jere, a bar abin da aka girbe cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, saboda shekaru bakwai masu tsanani da ke tafe. Ga kuma hadisin mai raƙumin nan da aka ce wa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Dattijon da ke cewa tsari shisshigi ne, in ka leƙa gidansa za ka tarar ya ware irin baɗi tun ranar sussuka, ya hana kowa taɓawa ko da yunwa ta matsa. Tanadi ya san shi tun kafin a haife mu. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne yaro ya zo da kwamfuta ya faɗa masa buhu nawa za a girbe shekara huɗu masu zuwa, kuma a nan gaskiya tana wajensa.

Wannan ne ma ya kashe kundin da ke cikin akwati. Na ga 'yan'uwansa da yawa. A ɗauko masani daga Yamai, a tara shugabanni kwana biyu ko uku a ba su kuɗin zama, a lissafa duk abin da rai ke so: rijiya, injin niƙa, horo, mota, mangaza. Sai a jera su shekara-shekara, a maƙala wa kowanne kuɗin da ba ya hannun kowa. Don idon mai ba da tallafi aka rubuta shi, shi ya sa ba za ka sami shafin da ya ce ga abin da za mu haƙura da shi ba. Duk da haka kada ka jefar. Ka sa wani ɗan lakwal cikin 'ya'yan membobi ya karanta muku shi da Hausa, ku ciro adadin membobi da faɗin gonaki da aka rubuta a lokacin, ku gwada da na yau. Sauran a mayar akwati.

Abin da garin nan ya riga ya gani

Ka ce ba ka san ko za a rufe Jibiya ba. Ni kuwa ina ganin ka sani. Gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakokin Najeriya a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. An sake rufewa a Agustan 2019, aka buɗe wasu ƙofofi a Disamban 2020, amma Jibiya sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙamewa, har da yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai Maris na 2024. Sau uku ke nan cikin shekara 40, kowanne da dalilinsa daban, kuma babu wanda aka yi shawara da ɗan kasuwar Maraɗi kafin a yi. Ranar ce ba ka sani ba. Cewa za a sake, wannan kusan tabbas ne, kuma ana iya gina shawara a kansa.

Haka ruwa. Farin 1973 da 1974, na 1984, yunwar 2005 da ta fi tsanani a jihar nan bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, sannan 2010. A ɗaya gefen kuma ga ambaliyar ƙarshen Agustan 2024 da ta rusa gidaje a cikin gari. Haka kuɗi. A Janairun 1994 aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta. A 29 ga Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin man fetur, wata mai bi ta saki naira, dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya ba da kaya bashi a kasuwar Dawanau ta Kano da lissafin naira a tsakanin nan, ya san abin da nake nufi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin garin nan shi ne gyaɗa. A shekarun 1950 da 1960 ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don saye da fitar da ita, kuma alhazan Maraɗi da yawa a kanta suka tashi. Fari ya zo, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa ta. Wasu suka tafi tare da ita. Wasu kuwa suka juya zuwa fiton atamfa da taba da sauran kaya zuwa Najeriya, wadda kuɗin man fetur ya cika a lokacin, suka fi da ƙarfi. Babu ɗayansu da ya hango cutar gyaɗa. Bambancin shi ne ranar da abin ya faru wasu suna da tsabar kuɗi a hannu, da amintattu a Katsina da Kano, da yaran da suka san hanya, wasu kuma duk abin da suka mallaka yana ɗaure a cikin abu guda. Waɗannan abubuwa kuwa ba ranar masifa ake nemansu ba, shekarun jin daɗi ne aka tara su ko aka ƙi tarawa.

Abubuwan da ke tafiya a hankali

Shugabanni suna ƙarar da tunaninsu kan abin da ke tsalle, farashi da canji da labarin rediyo, su manta da abin da ke tafiya sannu amma ba ya komawa baya. Ƙidayar 1988 ta sami mutum wajen miliyan 7.2 a Nijar, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17.1, jihar Maraɗi kaɗai tana da miliyan 3.4 a ciki. Ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara tana nufin jama'a na ninkawa kafin shekara 20 ta cika. Ba ka buƙatar boka ya gaya maka abin da wannan zai yi wa ƙungiyarku. Gonar da mutum ɗaya ke nomawa yau za a raba wa magada da yawa. Fili a bakin kwalta zai ƙara tsada. Masu cin wake a birane za su ƙaru. Membobinku na gobe samari ne masu ƙaramar gona da waya a hannu, waɗanda ke jin farashin Kano kafin kai ka ji. Duk shawarar da ta jitu da waɗannan, tana da iska a bayanta ko iyaka na buɗe ko na rufe.

Misalin da ya fi kusa da ku yana cikin gonakinku. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a nan Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙasa, in an bar reshe ɗaya ko biyu aka gyara, itace zai tashi. Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka bar itace a gona, ana ce musu ƙazaman manoma. A Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a garin nan, zamanin Seyni Kountché. Bayan shekara 20, masu bincike da hotunan sama suka ƙiyasta cewa wannan dabara, da ake kira sassaben zamani, ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, itatuwa kusan miliyan 200. Babu manomin da ya zauna ya rubuta wannan adadi a matsayin burinsa. Kowa dai ya yanke wata 'yar shawara lokacin sharar gona, wadda ba ta ci masa kuɗi ba, ya maimaita ta shekara da shekaru.

Amma akwai abin da ake yawan tsallakewa in ana ba da labarin nan. Gawo da kalgo ba su tsaya da kansu ba. Sun tsaya ne inda mutane suka yi doka suka tsare ta, kamar Ɗan Saga ta ƙasar Agye, inda aka kafa kwamitin gari da ya haɗa manoma da makiyaya da mata don hana saran dare. Kuma manomi bai saki jiki ba sai da ya tabbata ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara kan itacen da ya rena da hannunsa ba, abin da dokar daji ta 2004 ta fara gyarawa, dokar 2020 ta ƙara tabbatarwa. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa in mun zo maganar dokokin ƙungiya.

Kamyo, mangaza, ko rabo

Tambayoyi biyu nake yi wa kowace babbar shawara. In ta ɓaci, za a iya janyewa, kuma da asarar nawa? Sannan a wane irin yanayi take aiki, a guda ɗaya kawai ko a da yawa?

Kamyo yana da farin jini a taro, don ana ganinsa, a rubuta sunan ƙungiya a jikinsa, shugaba ya ji ya bar tarihi. Amma kayanku wata uku ko huɗu suke motsi bayan kaka. Sauran watannin dole ku fita neman lodi, wato kun shiga sana'ar sufuri ke nan, kuna gogayya da mutanen da suka gaje ta, masu makanikansu da direbobin da suka rena. Taya da gazuwal da takardu da albashin direba ba sa jiran damana. Motar da ta zama ta kowa kuma ba ta da mai kwana da tunaninta: yau ɗan'uwan wane zai kai kayan biki, gobe an ce injin ya buga a hanyar Dakwaro, ba mai iya tantance gaskiya. Mafi muni, ranar da aka rufe iyaka motoci ke yin yawa a tasha, kuɗin haya ya faɗi, mai sayen tsohuwar mota ya ɓace. Wato ranar da kuka fi buƙatar kuɗinku ita ce ranar da ba za ku iya fitar da su daga jikin motar ba. A yanayi guda kamyo ke ci: hanya a buɗe, kaya da yawa, direba mai amana. In kuɗin dako ne ke cin ku, ku yi yarjejeniyar kaka guda da mai mota, a tsayar da farashi tun kafin girbi.

Masu cewa a raba, kada ka raina su. Yawancinsu sun taɓa zuba kuɗi a wata ƙungiya suka ga yadda aka yi da su, ko kuma bashin taki na wuyansu. Ƙungiyar da ba ta taɓa mayar wa memba ko dala ba, tana koya masa ya kai ayarsa kasuwar Cadwa a ɓoye ya kawo muku saura. Shawarata a raba wani kaso, ƙarami, gwargwadon kayan da kowa ya kawo, kuma a rubuta ƙa'idar yadda za a riƙa yi kowace shekara, don kada ya zama kyautar shugaba. Raba duka kuwa shi ne shawarar da ba a janyewa ko kaɗan, don kuɗin da suka shiga aljihu ɗari ba sa sake haɗuwa.

Mangaza ce na fi karkata gare ta, amma da sharuɗɗa masu nauyi. Dalilina, tana aiki a yanayi fiye da ɗaya. In shekara ta yi kyau, kaya sun yi yawa, farashi ya faɗi a kaka, kuna da inda za ku ajiye har bazara. In shekara ta ɓaci, iri da abincin membobi na hannunku. In hanya a buɗe take, mai saye daga Dawanau da ya ji akwai lodin mota guda na riɗi tsabtatacce wuri ɗaya, shi zai zo da motarsa, ku kuma ku yi ciniki a zaune. In an rufe, kuna iya jira maimakon ku zubar. Matsalar ƙwarin wake da ta hana iyayenmu ajiya ta sami magani tun da buhun PICS mai gida uku ya shigo daga 2007, wanda masu binciken cibiyar nazarin noma ta ƙasa, INRAN, na nan Maraɗi suka yi aiki a kansa sosai. In an busar da waken da kyau aka ɗaure kowane gida daban, ba a buƙatar zuba guba. Akwai kuma tsarin jinginar da amfanin gona, warantaj, inda ake kulle mangaza da kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na asusun da ya ba da rance, manomi ya karɓi kuɗi a kaka ba tare da ya sayar da arha ba. In membobinku suna da damuwa kan kuɗin ruwa, ku kai wa malamai maganar tun kafin a sa hannu, kada ta fashe a tsakiyar aiki.

Ga sharuɗɗan. Farashi ba kullum yake hawa bayan kaka ba. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Wanda ya cika ɗaki da wake yana jiran mai saye daga kudu, dokar ta same shi a gida. Haka in hukumar tanadin abinci ta gwamnati, OPVN, ta fito da hatsi tana sayarwa da rahusa, kasuwa kan sauka. Saboda haka kada a cika mangaza da kaya iri ɗaya, kada kuma a jira ƙololuwar farashi da kaya duka.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda na fi ganin ana faɗawa. Na san wata ƙungiya a yankin nan da ta zuba duk abin da ta tara a gini, aka yi bikin buɗewa da kiɗa, kaka ta zo babu ko jika guda ta sayen kaya daga membobi. 'Yan kasuwa suka zo da tsabar kuɗi suka kwashe amfanin, ginin ya zama wurin ajiye kujerun taro. Mangaza ba ta aiki sai da jarin da zai cika ta. In kuɗinku ba za su isa gini da jari tare ba, jari ne gaba. Ku kama hayar ɗaki kaka ɗaya ko biyu, ku gwada ko membobi za su kawo kaya da gaske, ko mai awo da mai kulle za su riƙe amana, ko ribar ajiya ta fi kuɗin haya da buhu da gadi. Haya ana fita daga cikinta da ƙaramar asara.

Abin da zan ce a yi da wuri shi ne fili, don shi ne ke tsada kowace shekara. A nema a kan tudu. Mutanen da suka kwashe garin nan daga fadamar Gulbi bayan ambaliyar 1945 suka hawo da shi sama sun rasu tuntuni, amma har yau kan titunan da suka shata muke tafiya. Wurin da aka aza gini yakan fi wanda ya aza shi daɗewa. Ba dole sai cikin Maraɗi ba: kusa da membobi, bakin kwalta, inda babbar mota za ta iya juyawa, ya fi muku. A yi takarda a gaban hukumar filaye ta Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, kuma da sunan ƙungiya, ba da sunanka ko na ma'aji ba. Na ga rigimar da magada suka tayar kan filin ƙungiya bayan rasuwar shugaban da aka rubuta sunansa "don sauƙi".

Yadda za ku zauna

Ba kwa buƙatar otal. Ku sami yini guda bayan girbi, wakilai daga kowane gari, da mata da samari a ciki. Ku ɗauki abubuwa biyu da suka fi ƙarfinku, damana da iyaka, ku fitar da shekaru iri huɗu: ruwa ya yi hanya a buɗe, ruwa ya yi hanya a rufe, ruwa bai yi ba hanya a buɗe, ruwa bai yi ba hanya a rufe. Kowace shawara a bi da ita ta cikin huɗun, a ga inda za ta tsaya da inda za ta faɗi. Kamfanin mai na Shell ya yi suna da irin wannan dabara a farkon shekarun 1970, ya riga ya tattauna abin da zai yi in farashin mai ya yi tsalle kafin rikicin 1973 ya zo. Su da manyan ofisoshi suka yi, ku tabarma ta ishe ku.

Daga nan sai abin da ya fi kowane kundi amfani: ku yanke tun yanzu abin da za a yi in an ga wata alama, a rubuta, kowa ya ji. Misali, in farashin buhu ya rufe kuɗin saye da na ajiya da ribar da kuka amince da ita, a sayar da kashi ɗaya cikin uku ba tare da jiran taro ba. In aka kai ƙarshen Yuli shuka ba ta kama ba, a tsayar da duk wani gini, a riƙe kuɗi. Duk cinikin da aka yi da naira a canja shi cikin kwanakin da kuka ƙayyade, kada ya kwana da yawa. Kada mai saye ɗaya ya riƙe fiye da wani kaso na kayanku bashi, komai daɗin hulɗarku. Amfanin yanke waɗannan tun hankali na kwance shi ne, ranar da abin ya zo kwaɗayi da tsoro ne ke magana, kuma mai babbar murya ne ke rinjaye. Wata tambaya da nake so a yi kafin a tashi: a ɗauka shekara uku ta wuce, ƙungiyar nan ta watse, me ya watsa ta? Ka bar ƙananan membobi su fara amsawa. Abin da za ka ji a nan ba za ka ji shi a wani zama ba.

Za a tayar da maganar jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon wajen kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In ya fara aiki zai taɓa kuɗin dako, wanda ƙarin dalili ne na rashin gaggawar sayen kamyo. Amma kada ku ci bashi ko ku sayi fili da tsada saboda shi. Ku sa shi cikin abubuwan da ake dubawa kowace shekara.

Duk abin da kuka yanke ya shiga shafi biyu, da Hausa, boko da ajami in da hali, a karanta shi a kowane babban taro.

Mutane da doka

Na ce zan dawo kan Ɗan Saga, inda dokar da mutane suka tsare ce ta tsayar da itace. Haka ƙungiya take. Abin da zai nuna ko ƙungiyarku na nan bayan shekara goma, yawancinsa ba ya cin kuɗi, kuma yanzu ne kake da ikon yin sa, kana sabo, ba a fara zarginka da komai ba. Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin asusun mata da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar nan a 1991, tsarinsu ya bazu ƙasashe da yawa, kuma ƙarfinsa yana cikin ƙananan ƙa'idoji: a ƙirga kuɗi a gaban kowa, makullan akwati a hannun mutane daban-daban, a rufe lissafi a ƙayyadadden lokaci. Ku ara. Sa hannu biyu kafin kuɗi su fita daga banki. Mai riƙe makulli daban da mai rubuta littafi. Wa'adin shugabanci a rubuce, kuma kai ne ya kamata ka kawo maganar, don in wani ya kawo za a ce da kai yake. Ka ɗauki samari biyu ko uku, har da mace, su koyi awo da lissafi da ciniki, ka riƙa tafiya da su wajen masu saye don a san fuskarsu. Hulɗar da ke cikin wayar mutum ɗaya tana tafiya ranar da ya tafi.

Wannan zai jawo maka ƙorafi. Ma'ajin da ya saba riƙe komai zai ce ba a yarda da shi ba. Ka fara da kanka, ka ce ko kai ba za ka taɓa kuɗi kai kaɗai ba, sai maganar ta yi sauƙin haɗiya.

Inda shawarata ta tsaya

Daga nesa nake magana, littafinku ba ya gabana. In lissafin shekara uku da suka wuce ya nuna membobi ba sa kawo ko rabin abin da suka yi alkawari, to matsalarku yarda ce, gini ba zai gyara ta ba, kuma shekarar farko ta tafi wajen biyan mutane a kan lokaci har su dawo. In kuna da wanda ya yi shekaru yana sana'ar mota a cikinku, da lodin dawowa tabbatacce, hukuncina kan kamyo zai iya sassautawa, ko da yake ko a nan zan fi son ya saya da kuɗinsa ku ba shi kwangila. Batun tsaro a wasu ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji kuma ya fi ƙarfin kowace takarda. Iyakar abin da tsari zai yi shi ne kada a tara kaya da kuɗi a inda ba za a iya tsare su ba, kada kuma a riƙa yawo da tsabar kuɗi ranar kasuwa. Sha'anin rajista da haraji da ƙa'idojin ƙungiyoyin haɗin gwiwa na OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ka zauna da ma'aikatan gona na jiha ko Majalisar Manoma ta Maraɗi kafin ku sa hannu kan fili ko rance. Kafin taron kuma, ka sa a fitar maka da abu uku daga littafi: buhu nawa kowane gari ya kawo a kowace kaka, nawa aka kashe a dako, da bambancin farashin kaka da na watan da kuka sayar. Da su za ku shiga zaman.